Yadda za ka kare kanarinka daga murar tsuntsaye

  In kana kiwon kanari, damuwarka a kan murar tsuntsaye ita ce kaji da agwagin gidanku.

Su ne cutar ta fi kamawa, ƙananan tsuntsaye ba kasafai ba amma suna ɗauka. Kuma H5N1, wato wani nau'in murar tsuntsaye, ba baƙuwa ba ce, a 2006 aka fara samunta a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna.

Don haka fara da inda kake rataye kejin. Kar ka kai shi kusa da akurki, kar kuma ka bar shi a gindin bishiya inda tsuntsayen daji ke sauka suna kashi, ta kashi da majina take yaɗuwa. Ka samu baranda mai rufi. Ruwansa na famfo ko randa, banda kaskon da agwagi ke tsoma baki, geronsa kuma a rufe cikin gwangwani.

Inda mutane ke sakaci shi ne sabon tsuntsu, ka sayo a kasuwa inda aka jera shi da zabi da tattabaru kana zuwa gida ka jefa shi cikin naka don murna, haba malam. Ware shi a wani ɗaki kamar wata guda tukunna. In ka dawo daga wurin masu sayar da kaji ka cire takalmi a waje, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa keji.

In ka ga ya daina kuka, ya takure gashinsa a tashe, yana zawo ko numfashi da ƙyar, kira likitan dabbobi. In ya mutu farat ɗaya kar ka ɗauka da hannu, sa leda, kuma kar yara su yi wasa da shi. Su likitocin ne ke tura samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato a gwada. Kai ma in zazzaɓi ya biyo baya ka je asibiti ka faɗa musu ka taɓa tsuntsu.