Yadda ake fitar da kusurwar gini da ƙa'idar Fisagoras

Duk wanda ya zauna ajin lissafi a sakandare ya ji sunan Pythagoras. Larabawa suna ce masa Fisaguras, 'yan makarantar Nijar suna cewa Pitagor, ni kuwa Fisagoras bakina ya saba. Lissafi nake koyarwa, lokacin hutu kuma nakan bi baffana wajen gini, kuma a ganina sunan nan ya fi aiki a bakin harsashi fiye da a jikin allo.

Mutumin Girka ne, an haife shi a tsibirin Samos wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ya koma garin Kuroton a kudancin Italiya ya tara almajirai. Sunan nasa kalmomi biyu ne aka haɗa. Ta farko Fito, tsohon sunan garin Delfi, inda wata bokanya take ba mutane labarin gaibu da sunan gunkinsu Afolo. Ta biyu agora, dandalin da jama'a ke taruwa a yi jawabi. Mutanen da sun ce wai bokanyar ce ta yi wa mahaifinsa albishir da haihuwarsa, shi ya sa aka raɗa masa sunan. Yau kam in ka ji an ambace shi, ba mutumin ake nufi ba, ƙa'idar ake nufi.

Ga ta a taƙaice. Alwatikar da ɗaya daga kusurwoyinta ta tsaya cak a digiri 90, ka ɗauki kowane gajeren gefe ka yi shi sau kansa, ka tara su biyun, abin da ya fito daidai yake da dogon gefen sau kansa. 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, jimla 25, wato 5 sau 5. Magina daga ƙarshe suke farowa: in gefunan sun ba da 3 da 4 da 5, to kusurwar ta tsaya. Baffana bai taɓa cewa Fisagoras ba, "uku, huɗu, biyar" kawai yake cewa.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo, igiyar magina, fegi uku, ƙusoshi da guduma, sai yara biyu masu jin magana.

Ka fara da layin da ka tabbatar da shi, galibi na bakin titi ko na iyakar maƙwabci. Ka kafa fegi a inda kusurwar ginin za ta zauna, ka buga ƙusa a tsakiyar kansa. Daga wannan ƙusa duk awo zai tashi, ba daga gefen fegin ba. Nan ne yawancin yara suke ɓata aiki, don kaurin fegi kaɗai ya isa ya karkatar da bango. Ka ja igiya a kan layin, ka auna ƙafa 4, ka kafa fegi na biyu da tasa ƙusar.

Yanzu sai na uku, wanda shi ne aikin. Yaro ɗaya ya riƙe bakin tef a ƙusar kusurwa, a ja ƙafa 3 ta wajen da ɗaya bangon zai bi. Ɗayan ya auno ƙafa 5 daga fegi na biyu. Inda awon biyu suka haɗu, nan za ka kafa fegin. In tef ɗaya gare ku, ka zana ɗan baka a ƙasa da ƙusa a nisan ƙafa 3, ka zana wani a nisan ƙafa 5, mahaɗarsu ita kake nema. Igiyar da ta tashi daga kusurwa ta bi ta kan wannan fegi ita ce layin bangonka na biyu.

Ni dai ba na son a tsaya a ƙafa 3, 4, 5 ga babban gini. Kuskuren rabin inci a ƙafa uku, in bango ya kai ƙafa 60, ya zama inci goma. Ka ninka awon ya koma 6, 8, 10, ko ma 12, 16, 20 in fili ya ba da hali. In wurin siriri ne kamar lungu, 5, 12, 13 ma tana yi. Kuma tef ya miƙe sosai, kada ya yi ciki, kada a yi awo da igiyar roba mai talewa. A ƙasa mai gangara a ɗaga tef ɗin ya daidaita, kar ya bi tudu da kwari.

Wani abin da nake gaya wa ɗalibaina, mutanen Babila sun san irin waɗannan lambobi fiye da shekara dubu kafin a haifi Fisagoras, akwai su a wani allon yumɓu na wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi kansa bai bar rubutu ko ɗaya ba. Hujjar ƙa'idar da aka fi sani, wani masanin lissafi mai suna Iƙlidis (Euclid) ne ya rubuta ta a Iskandariya wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Suna dai ya bi wanda ya bi.

Bayan kusurwoyi huɗu sun fita, kada a sa diga a ƙasa sai an gwada gicciye. Ka tabbatar bangayen da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya, sannan ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare, ka sake auna ɗaya gicciyen. Dole su zo ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, gicciyensa ya kusa ƙafa 17, saura ƙiris. Mai 12 da 16 kuwa ƙafa 20 cif. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zai ba ka ƙafa 111 da wajen inci 10. In gicciyen biyu suka saɓa da fiye da inci guda a ɗaki, ka tumɓuke fegin ka sake, don mai tayil da kafintan rufi su za su sha wahalar daga baya, kuma kuɗin daga aljihun mai gida zai fita.