Yadda Za Ka Kauce wa Dogon Layin Shige da Fice a Filin Jirgi

Tun wajen sayen tikiti, zaɓi kujera kusa da ƙofar gaba, don ka riga mutane sauka.

Idan ƙasar da za ka je na da takardar shiga ta intanet, cike ta daga gida. Singafo tana karɓar tata cikin kwana 3 kafin isowa.

Shiga banɗaki tun jirgi yana sama. Wannan kam kada ka raina shi, domin 'yan mintocin da za ka ɓata a ƙasa sun isa fasinjojin wani jirgin su sha gabanka.

Da ka fito, ɗaga ƙafa, ka karanta allo: layin 'yan ƙasa daban, na baƙi daban. In fasfonka ya cancanci ƙofar na'ura, wato wadda ke tantance fasfo da kanta, bi nan. Fasfo, biza, adireshin masauki da tikitin komawa kuwa, riƙe su a hannu.