Yadda za ka hana makirfon waya sace maka lambar sirri

Duk sanda yatsa ya taɓa gilashin waya, akwai ɗan sautin da kunne ba ya ji amma makirfo na ji. Yawancin wayoyi makirfo biyu gare su, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma wanda sautin ya riga isa wurinsa shi ke nuna inda aka danna. A 2019 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun gwada haka a kan tabilet mai Android, suka cinko kashi 61 cikin 100 na lambobin sirri masu lamba huɗu, cikin cinke da bai wuce sau 20 ba ga kowace. Sai dai dabarar ba ta ci sai da wata manhaja a cikin wayar wadda ka ba izinin saurare.

Don haka fara daga nan. Shiga saitin waya, nemi sashen izini, buɗe na makirfo. WhatsApp na da hujja. To tocila fa, ko kalkuleta, ko wasan ludo, me za su saurara? Cire musu izinin. Daga Android 11 akwai zaɓin ba da izini na sau ɗaya kawai, shi ya fi.

Na biyu, a ganina nan ne matsalarmu take a Sakkwato: masu turi. Mutum zai miƙa waya a bakin kasuwa a zuba masa wa'azi ko fim, ya wuce sayen albasa, ya dawo ya tarar da manhajoji uku da bai san su ba, an turo ta Xender, har da WhatsApp na jabu mai ado. Ba lallai mai turin na da mugun nufi ba, shi ma bai san abin da ke ciki ba. Ka tsaya a kansa har ya gama, manhaja kuma daga Play Store kaɗai.

Sai ka riƙa kallon saman allo. Daga Android 12, koren alama na bayyana idan makirfo na aiki. A iPhone ɗigo ne ruwan lemo. In ka gan shi kana shirin tura kuɗi, dakata.

Buɗe waya da zanen yatsa, lambar sirri kuma ta kai shida. Kada ka rubuta kalmar sirri kana cikin kira. A 2023 wasu masu bincike a Birtaniya sun ajiye iPhone kusa da kwamfutar MacBook, suka gane kashi 95 na maɓallan da aka danna daga sauti kaɗai, ta manhajar kiran bidiyo ta Zoom kuma kashi 93. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu darasi ta intanet, ku kashe makirfo kafin ku shiga imel.