Yadda ake saka na'urar hana taya zamewa a motar gudu ba tare da an lalata inji ba

Duk wanda ya taɓa taka totur ɗin mota mai ja da tayoyin baya a kan gadar Kawo a Kaduna bayan yayyafin farkon damina ya san yadda gaba ke faɗuwa idan ƙugun mota ya fara karkacewa. Ƙurar rani da ɗigon baƙin mai sun kwanta a kwalta, ruwa ya jiƙa su, hanya ta koma kamar an shafa mata karkashi. Motocin gudu da yawa da aka shigo mana da su ta Kwatano ba su da abin da zai tare wannan zamewa. Honda S2000 ba ta samu irin wannan na'ura ba sai a 2006, kuma Nissan 350Z mafi araha da aka sayar a Amurka a 2003 haka ta fito babu ita. Shi ya sa matasa ke odar ƙaramin akwati daga waje su kai wa rewaya ya haɗa. Akwatin yana aiki, amma ta hanyar shaƙe injin yake aikin, kuma irin shaƙar da ka zaɓa ita ce za ta nuna ko injin zai kai baɗi.

Mataki na farko, tun kafin ka tura kuɗin oda, duƙa ka dubi tayoyinka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar Beljiyam da ta shekara bakwai ta bushe ko da zanenta da saura, kuma babu kwamfutar da za ta ƙirƙiro mata riƙo. Sau da yawa kuɗin akwatin nan da tayoyi aka saya da su da an huta.

Na biyu, ka san injinka. A sa na'urar sikanin a tabbata babu wata lambar matsala a birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, a canza filogi, a wanke nozul masu fesa wa inji mai, a auna ƙarfin famfon mai. Injin da dama yana tari shi ne farkon faɗuwa idan aka fara yanke masa numfashi. A nan kuma za ka tambayi abu uku. Shin nozul ɗinka kowanne lokacinsa daban yake fesawa, ko rukuni-rukuni suke buɗewa? Shin a bakin bawul suke fesa mai, ko kai tsaye cikin silinda, kamar na sababbin motocin Jamus? Waɗancan na kai tsaye da wuta mai ƙarfi ake buɗe su, akwatin da ake ratsawa tsakanin wayoyi bai dace da su ba. Sannan wane irin sensa ne ke auna gudun tayoyin? Akwai tsohon yayi mai samar da wutarsa da kansa, akwai sabon yayi da sai an ba shi wuta, kuma akwatin da aka yi wa ɗaya ba lallai ya karanta ɗayan ba.

Mataki na uku shi ne zuciyar maganar, zaɓen yadda za a rage ƙarfi. Na'urar tana kwatanta gudun tayoyin gaba da na baya. Idan gaba na tafiya kilomita 60 a awa, baya na juyawa 66, zamewa ta kai kashi 10 cikin ɗari, sai ta rage wa injin ƙarfi. Ta masana'anta tana da gata: tana sassauta totur da kanta, tana ɗan taɓa birkin tayar da ke sulɓewa. Akwatin da ka sayo yawanci ba ya iya wannan, sai dai ya yanke wutar filogi, ya jinkirta ta, ko ya yanke mai.

Yanke wuta shi ne abin da samari ke so, domin shi ke sa salansa ta riƙa harbi tana tofar da wuta kamar a wasan motar ɗaurin aure. Abin da ke faruwa a ciki kuwa, nozul ya zuba mai, filogi bai kunna ba, ɗanyen fetur ya fita ta bawul ya je ya tashi a cikin salansa. Farkon wanda zai sha wuya shi ne abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, saboda saƙarsa. Yana narkewa ya toshe, mota ta koma ba ta ja. Idan da tabo a motar, wato fankar da hayaƙi ke juyawa don ta tura wa inji ƙarin iska, kowane harbi duka ne a kan fiffikensa. Akwai kuma injunan da bugun ke tura bawul ɗin hayaƙi ya buɗe ba a lokacinsa ba. Injin SR20DET na Nissan ya yi suna wajen zubar da hannayen bawul saboda wannan.

Ni kaina na biya kuɗin makaranta a nan. Rewayan da na kai wa tawa ya zaɓi yanke wuta, na ce masa, “Oga, wannan harbin ba zai yi illa ba?” Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ai ƙarar ce daɗin abin.” Wata biyu ba su cika ba muka kwance salansa a Panteka, yaron shago ya girgiza ta, gutsattsarin indomi suka zubo a ƙasa kamar ƙonannen ƙanzo.

Jinkirta wuta ya fi laushi, direba ma da ƙyar yake jin sa. Amma man da ya makara wajen kamawa yana fita bai gama ci ba, zafin hayaƙi ya yi sama. Na daƙiƙa ɗaya ko biyu ba komai. Idan ka danne totur a taɓo na'urar tana ta aiki, zafin zai iya haura digiri 900 a ma'aunin Celsius, kuma daga nan bawul da tabo suna cikin haɗari.

Yanke mai shi ne na fi yarda da shi ga motar da ake hawa kullum, bisa sharaɗi guda: a yanke feshin gaba ɗayansa. Silindar da ta shaƙi iska zalla ba ta da abin ƙonawa, bugu ɗaya kawai ta rasa. Wadda aka ba rabin mai kuwa za ta kama da wuta mai tsananin zafi, ta fara ƙwanƙwasa, kuma wannan ƙwanƙwasar ce ke huda fistin. Injin fetur yana son iska 14.7 ga mai 1 a tafiyar yau da kullum, mai tabo kuma idan an taka shi sosai yana son wajen 11.5 zuwa 12. Rabin feshi yana jefa shi nesa da nan a daidai lokacin da yake ɗauke da kaya mafi nauyi. Shi ya sa na ce ka san yadda nozul ɗinka ke buɗewa: injin da ke fesawa sau biyu don bugu ɗaya, idan aka yanke ɗaya, an ba shi rabi ke nan. Ƙara da cewa sau da yawa man gidajen manmu bai kai oktan 95 zuwa 98 da yawancin motocin nan ke nema ba (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure ƙwanƙwasa), ga zafin Maris da Afrilu, ga na 'yan bumburutu da Allah kaɗai ya san abin da ke cikin galan. Injin da ke shan irin wannan mai dama a bakin rami yake tsaye.

Idan aljihu zai ɗauka, cikakken birenbos irin na Haltech, Link ko MoTeC ya fi akwatin ratse, domin yana iya fara rage iskar tabo ko totur, ya ɗan jinkirta wuta, sai abin ya ƙi sannan ya yanke.

Na huɗu, haɗin waya. A cire kan batir. Wayoyin sensa na ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, su ne za a ɗebo sigina daga gare su, don haka ba wurin murɗa waya da haƙori a naɗe da salatif ba ne. A yi dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a nisanta su da kwayil mai ba filogi wuta. Haɗi ɗaya mai rawa zai kunna fitilar ABS, ka je neman riƙo ka rasa ABS ɗin birkinka. Idan motar tana da tata na'urar ta asali, a kashe ta da maɓallinta, kada su biyun su yi ta ja-in-ja a kan inji ɗaya.

Na biyar, daidaitawa. Ka tuƙa a miƙe a hankali kana kallon kwamfuta, tayoyi huɗun su nuna gudu ɗaya. Motocin gudu da dama tayar bayansu ta fi girma: 225/50R17 a gaba da 235/50R17 a baya bambancin kusan kashi 1.5 ne, kuma idan ba ka shigar da shi ba duk lissafin na'urar ya karkace. Ka sa mata iyakar juyin inji da ba za ta yanke komai a ƙasa da shi ba, kamar 2,000, don kada mota ta mutu maka a tsakiyar shataletale. A busasshiyar kwalta taya ta fi riƙo idan tana ɗan zamewa kashi 10 ko sama kaɗan, a jiƙaƙƙiya kuwa ka sauko wajen 5 ko ƙasa.

Na shida, gwaji, kuma ba a titin Ahmadu Bello ko Ali Akilu ake yin sa ba, tsakanin Keke Napep da 'yan makaranta. Nemi fili mai kwalta da izinin mai shi, a watsa ruwa. Fara da giya ta biyu da rabin totur. Ka sa ma'aunin iska da mai a salansa, wani ya zauna gefenka yana naɗar bayanan. Abin da kake nema shi ne yadda silinda ke dawowa bayan yankewa, domin feshin farko wani ɓangarensa jiƙa bangon bututu yake yi, bugun ya zo da ƙarancin mai. Idan birenbos ɗinka yana da wurin ƙara ɗan mai a wannan bugun, ƙara. Fitilar inji za ta iya kamawa da lambar P0300, saboda motar ta ɗauka tari take yi. A goge, amma a duba ko tana dawowa a tafiyar da na'urar ba ta yi aiki ba.

Kada gwaji ɗaya ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku, kuma ka bar inji ya huce tsakani. Bayan zagaye biyar ko shida, kashe mota ka ciro filogi duka ka jera su a kan kwali bisa lambar silinda. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Fari fat alamar ƙarancin mai ce. Idan ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri a kan farin kaskon, naman fistin ne ya fara tashi. Cire fis ɗin akwatin nan take, ka koma gida da totur kaɗan-kaɗan.