Kafin ka biya kuɗin fili a Kumasi

'Yan'uwa, mai shirin sayen fili kada ya tsaya ga takardar sarki kaɗai. Ɗauki taswirar filin ka kai ofishin tsara gari na asambili (majalisar ƙaramar hukuma), a duba maka me aka ware wurin dominsa. Dokar tsara ƙasa ta 2016 ta ba su ikon raba gari: nan gidaje, can kasuwa, can makaranta ko titi. In filin ya faɗa hanyar ruwa, wallahi ko kyauta ne bar shi, kowa ya ga aikin kogin Aboabo da damina. Mutanen Aboabo da Asawase, ofishinku na Asokore Mampong ne. Kuma kada a haƙa tushe sai famit, wato takardar izinin gini, ya fito, don kada jan fentin dakatar da aiki ya hau bango.