Yadda Ake Haɗa Tatsuniyar Bango da Yara a Aji

Malamai sun sha tambayata yadda muke yin tatsuniyar nan da ke rataye a bangon ajinmu. Ga matakan. Da 'yan aji 3 na firamare nake yi.

Kayan aiki: tsofaffin kwalaye, farar takarda, fensir mai launi, almakashi, gam da igiya.

1. A raba yara rukuni shida.

2. Malami ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta."

3. Ya faɗi jimlar farko kawai: wata rana Gizo ya saci tuwon Ƙoƙi ya ɓoye a hula.

4. Kowane rukuni ya ƙara jimla biyu, bi da bi.

Hattara: a kafa doka tun farko cewa ba a kashe Gizo. Rannan rukuni na biyu suka sa Kura ta cinye shi, sauran huɗun suka zauna jugum.

5. A rubuta labarin a allo yadda suka faɗa. Kada a gyara musu, shirmen shi ne daɗin.

6. Kowane rukuni ya zana nasa ɓangaren.

7. A liƙa zanen a kwali. In babu gam, a dama sitaci.

8. A rubuta lamba a bayan kowane kwali, in ba haka ba jerin ya rikice.

9. Malami ya huda kwalayen da kansa. Kada almakashi ya shiga hannun yaro.

10. A zura igiya, a rataye.

11. Kowane rukuni ya tsaya gaban zanensa ya ba da nasa. Na ƙarshe su rufe da "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera."