Babi na 3: Lamba Daga Hagu Take Farawa

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce mun koyi riƙe biro da rubuta suna. Yanzu mun zo kan lambobi, irin waɗanda ke jikin riyal, da kwalin magani, da igama, wato katin izinin zama, da faturar bakala, wato rasidin kanti. Babu abu ɗaya a cikin wannan babi da yake ɓoye. Kullum suna gabanmu, ido ne kawai bai tsaya a kansu ba. Akwai wata Iya a ajinmu na bayan La'asar da ta haura shekara 30 a Makka, ba a taɓa cutarta a canji ba, domin ta san kowace takardar kuɗi da launinta da hotonta: mai Ka'aba 500 ce, mai Masallacin Annabi 100 ce. Sai a ajin nan ta gano cewa ɗigon da ke gefen lamba ba datti ba ne. Ta yi salati, muka yi dariya tare, muka ci gaba. Don haka kada kowa ta ji kunya.

Darasi na 1: Lambobi goma

A ƙasar nan ta Saudiyya ana rubuta lamba iri biyu, ta Larabci da ta boko. Ƙirgen ɗaya ne, suturar ce ta bambanta. Ga su, ki bi da yatsa:

١ ita ce 1
٢ ita ce 2
٣ ita ce 3
٤ ita ce 4
٥ ita ce 5
٦ ita ce 6
٧ ita ce 7
٨ ita ce 8
٩ ita ce 9
٠ shi ne 0, wato sifiri

Guda biyar daga ciki su ne masu rikita mutane. Zagayen nan mai kama da zobe, ٥, biyar ce. Ba sifiri ba ce, ko da yake ta yi kama da sifirin boko. Sifirin Larabci ɗan ɗigo ne kawai, kamar ƙwayar gero. Ɗigo ɗaya bayan zobe, ٥٠, hamsin ke nan. Ɗigo biyu, ٥٠٠, ɗari biyar. Kin ga ƙwayar geron da ake rainawa ita ke raba riyal 5 da riyal 500.

Sai ٦. Wadda ta ɗan san boko za ta rantse bakwai ce. Shida ce. Bakwai ɗin ta gaskiya ga ta, ٧, baki sama kamar ƙwarya a buɗe. Takwas kuma, ٨, a kife take kamar jinkar ɗaki. Ki riƙa faɗi a ranki: bakwai baki sama, takwas ta kife.

Ba sai kin sayi littafi ba. Ki ciro takardar riyal daga jakarki. Gefe ɗaya lambar Larabci ce, ki juya, ga ta boko. Lambar kowace mota ta ƙasar nan ma haka take, Larabci a sama, boko a ƙasa. In kina jiran mota a titin Share Mansur, ki riƙa haɗa ta sama da ta ƙasa.

Darasi na 2: Ta ina ake farawa?

Nan ne wurin da kusan kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Rubutun Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu. Wannan kun san shi tun daga makarantar allo, hannunku ya saba, idonku ya saba. To lamba ba ta bin wannan hanya. Lamba daga hagu take farawa, ko ta boko ce ko ta Larabci. Ko da tana tsakiyar layin Larabci, idan kika iso kanta sai ki tsallaka zuwa gefenta na hagu, ki karanto ta zuwa dama, sannan ki koma kan rubutunki.

Ina ne hagu? Kada wata ta ce tambayar yara ce, na ga manya sun ruɗe. Hagu shi ne hannun da ba kya cin abinci da shi. Ki ɗora wannan hannun a gefen takarda. Lambar da ta fi kusa da shi ita ce ta farko.

Mu gwada. Ga ١٢. Ɗora hannun hagu. Wace ce kusa da shi? Ɗaya. Sai biyu. Ɗaya da biyu, 12 ke nan, sha biyu. Wadda ta faro daga dama za ta ce 21. Wata Hajiya ta taɓa zuwa aji tana faɗa, wai mai bakala ya ƙara wa man girki kuɗi, ta bar masa kayansa ta fito. Da muka duba, ita ce ta karanta ١٩ ta wutsiya, ta ga 91. An bar jaki ana dukan taiki.

Sake gwadawa. Ga ٣٥. Hagu tukuna. Uku, sai zobe, wato biyar. 35. Ba 53 ba, ba kuma 30 ba.

Ga ٧٠. Hagu tukuna. Baki sama, bakwai, sai ɗigo. 70.

Ki buɗe Mus'hafinki bugun Madina. A ƙarshen kowace aya akwai ɗan zagaye mai ado, a cikinsa akwai lamba. Da yawa cikinku sun sauke Alƙur'ani ba su taɓa lura cewa ƙirgen ayoyi ne ba, sun ɗauka ado ne kawai. Fatiha za ta ba ki ١ zuwa ٧ a jere. Sai ki nemo Ayatul Kursiyyu, wadda kika haddace tun kina yarinya. A ƙarshenta an rubuta ٢٥٥. Hagu tukuna: biyu, biyar, biyar, 255. In kika faro daga dama za ki sami 552, alhali Baƙara gaba ɗayanta aya 286 ce a wannan bugun. Ina za a samo aya ta 552? Mus'hafin da kansa ya gyara miki.

Akwai wani abu da ke ƙara rikicin, kuma ba laifinku ba ne. Balarabe in zai ce 25 sai ya ce "hamsa wa ishrin", biyar da ashirin, ƙaramar ta riga babbar fita daga bakinsa. Kunnenki ya ji biyar da farko, sai hannunki ya rubuta ta a hagu, ki tashi da 52. Ki juya maganar zuwa Hausa kafin ki sa biro. Mu "ashirin da biyar" muke cewa, babba a gaba, kuma haka ake rubutawa daga hagu: ٢٥. Harshenmu ya fi dacewa da rubutun. Kuma ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin duk daga Larabci muka aro su, saboda haka rabin aikin kin riga kin iya shi.

Yanzu lambar waya. Lambar jawwal, wato wayar hannu, ta ƙasar nan guda 10 ce, kuma da 05 take farawa. Da Larabci ٠٥ ne, ɗigo sannan zobe. Duk tarkon wannan babi yana nan wuri ɗaya: a raina ɗigon, a kira zoben sifiri, a kuma faro daga dama. Idan aka rubuto miki lamba, ki fara neman ɗigo da zobe. Inda suke, nan ne kai. Lambar igama ma guda 10 ce, da 2 take farawa. In ma'aikacin asibiti ya ce ki karanto masa, kika fara da wata lamba ba 2 ba, ki tsaya, ta wutsiya kika kamo.

Aikin gida: ki kwafi ٤٨ da ١٦ da ٢٠٥ da ٩٧, kowace sau 5. Kafin kowace ɗaya ki taɓa hannun hagunki, ki ce a fili, "Daga nan." Jikoki su yi dariya in sun ga dama.

Darasi na 3: Kwanan wata a jikin kaya

Na karɓi littattafan aikin gida na makon jiya. Mutum 14 ne a aji, 9 sun karanta ٤٨ a matsayin 84. Haba iyayena! Sau nawa zan faɗa? Hagu tukuna. Wata kuma na gane rubutun jikarta ne, domin hannun da ke rawa a gabana ba zai koma gida ya yi rubutu kamar na inji ba. Iya, wa kike yaudara? Ranar da kike tsaye a saidaliyya, wato kantin magani, ke kaɗai, jikar tana makaranta. Ba ni kike yi wa karatun nan ba. Ku yi haƙuri da kaifin bakina, amma wannan darasin na magani ne, kuskure a cikinsa ba irin na kuɗin man girki ba ne.

Kwanan wata kashi uku ne, an raba su da ɗan karkataccen layi: rana, wata, shekara. Ki fara neman kashin da ke da lamba huɗu, shi ne shekara. Na tsakiya shi ne wata. Wanda ya rage shi ne rana. A rubutun boko shekara takan zo a dama, a na Larabci takan zo a hagu, kada wannan ya dame ki, lamba huɗun za ta nuna miki kanta. Amma a cikin kowane kashi, karatu daga hagu ne. Idan kika ga ٠٣ a tsakiya, wata na 3 ne. In ya fito miki 30, ki tambayi kanki ko shekara tana da wata 30. Wata ba ya wuce 12.

A jikin laban, wato nono, da madara da abincin gwangwani za ki ga kwanan wata biyu. Ɗaya ranar da aka yi shi, Larabawa na rubuta "intaj". Ɗayan ranar da zai daina amfani, "intiha", da boko kuma EXP. Ko ba ki iya karanta kalmomin ba, na nesan shi ne na ƙarewa. A kwalin magani sau da yawa wata da shekara kawai ake sawa, kamar 08/2026, wato wata na 8 na shekarar 2026. In ya wuce, ki daina sha. Na san akwai masu ajiye ragowar maganin tari a saman firij tun haihuwar autansu, suna cewa ai bai canza launi ba. Ba a gane wannan da ido.

Ki ɗauko kwali 3 daga kicin, ki zagaye shekara da biro. Da hannunki.

Darasi na 4: Shekara biyu a ƙasa ɗaya

Shekarar da ta fara da 14 ta Hijira ce, akan sa mata هـ a gefe. Wadda ta fara da 20 ta Miladiyya ce, akan sa mata م. Ranar 1 ga Ramadan 1446 ita ce 1 ga Maris 2025. An rubuta ta ١٤٤٦/٠٩/٠١, domin Ramadan shi ne wata na 9. Muharram, watan cika-ciki, shi ne na 1, Rajab na azumin tsofaffi na 7, watan babbar salla na 12.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. Shi ya sa azumi ke matsowa kowace shekara: na 1445 ya kama ranar 11 ga Maris 2024, na bayansa 1 ga Maris. Shi ya sa kuma mai shekara 33 a lissafin Hijira take da 32 a na Miladiyya. Ba wanda ya rage miki shekaru a fasfo. In an ba ki ranar komawa asibiti, ki dubi shekarar tukuna ki san da wane lissafi ake magana. Wata na 9 na Hijira ba Satumba ba ne.

Darasi na 5: Ranaku da agogo

Sunayen ranaku ƙirge ne. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Ni kaina, da aka haife ni a nan, sai da na yi aure na haihu sannan na lura Talata da "salasa", ukun Larabci, abu ɗaya ne.

A gefen lokaci, ص na nufin safe, م na nufin yamma ko dare. Wannan م ɗin ba ta shekara ba ce, in tana gefen agogo yamma take nufi. Ofisoshin hukuma ba sa aiki Juma'a da Asabar.

Darasi na 6: Kiran gida

Najeriya 234, Nijar 227, Saudiyya 966. In kin sa lambar ƙasa, ki cire sifirin farko na lambar Najeriya ko ta nan. Muna gaban Kano da Damagaram da awa 2, ƙarfe 7 na safe a Makka ƙarfe 5 na asuba ne a can. Motar asibiti ta gaggawa 997. Ku kwafe su sau 5, daga hagu, ku kawo ranar Lahadi.